Ramuka Bakwai a Gindin Rumman

Koki, Kano
10 ga Zulƙida

Zuwa ga Gwaggo Ma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Husaina da maigidanta da yaron. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Baba Saminu ya yi fama da ƙafa kwana biyu amma ya miƙe. Matarsa Inna Bahijja tana gaishe ki. Ni ma ina nan ina zuwa Kurmi wajen Alhaji Nata'ala, yanzu har ya fara barina in yanka fata ni kaɗai, in dai ba mai tsada ba ce.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta. Na koma takarda ne don wayar nan ba ta yi mana. In na kira, ni in faɗa wa Yaya Husaina, ita kuma ta ɗaga murya ta faɗa miki a kunne, kafin maganar ta iso gare ki duk zangon Kumasi ya ji. Ran nan na ce ina kewarki, sai na ji ta ƙwala miki, "Wai yana kewarki!" Na ji mata suna dariya a bayanta. Daga ranar na ce a'a. Salisu direban motar goro ya ce zai riƙa kai mana takarda, duk da shi ma ba shi da tsayayyar ranar tafiya.

Gwaggo, da za ki tafi cewa kika yi wankan jego ne, kwana arba'in ki dawo. Yau shekara biyu ba wata ɗaya. Yaron da kika je dominsa an ce har gudu yake yi. Ba ƙorafi nake ba. Na san 'yarki ce, ni kuwa in aka bi dangantaka sai an hau kakanni biyu kafin a sauko kaina. Amma ke kika ɗauke ni ranar da aka kai mahaifiyata makwancinta, kuma ban san wata uwa ba bayan ke.

Rumman ɗinki na tsakar gida yana nan. Ganye ya yi masa yawa har ya yi duhu, amma tun tafiyarki bai yi ɗa ko ɗaya ba. Sai ya yi fure biyar ko shida, kwana uku ka gan su a ƙasa. Ina ba shi ruwa safe da yamma yadda kika ce.

Yaushe za ki dawo?

Ɗanki,
Mika'ilu

*

Zango, Kumasi
2 ga Zulhajji

Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin goro da man mota. Na sa gilashina na karanta da kaina, ba wanda ya ƙwala mini komai. Rubutun naka kamar kiyashi ya faɗa tawada ya fito, amma na gane.

Muna lafiya, sai gwiwa da ke taɓa ni. Ruwan garin nan ba ya gajiya, wanki sai ya kwana uku a igiya bai bushe ba.

Kada ka ƙara rubuto mini zancen kakanni biyu. Yaron da na goya har bayana ya yi kanta, ba a lissafa mini shi da kakanni. Ka ji ko?

Zancen dawowa kuwa, Husaina ba ta da kowa a nan. Mijinta kullum yana hanya, ɗanta Abdulhakim kuma ba ya cin tuwo sai a hannuna. Da na ɗauko maganar tafiya sai ta fara share ido da bakin zane. Kuma me zan dawo in gani? Rumman ɗin ma ka ce ya daina haihuwa, ya bi sahun mai shi. Ranar da ya yi 'ya'ya ka aiko mini, sai in zo in sha.

Ka riƙa cin abinci, Salisu ya ce ka zama kamar sillen kara. Ka ce wa Saminu ya rage nama da Sallar nan, ƙafar tasa ba ta son shi.

Gwaggonka

*

Koki, Kano
15 ga Muharram

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma kun yi Sallah lafiya. Mu ma mun yi. Rago biyu aka yanka a gidan da akuya ɗaya. Baba Saminu na isar masa da saƙonki, ya ce to, ya kuma ci abinsa. Kwana huɗu yana sallah a zaune.

An yi suya, amma ba irin taki ba. Ke kina bari sai ya yi baƙi-baƙi ki zuba a kwallar nan mai hoton tsuntsu, mu yi wata biyu muna tsinta. Bana kwana tara aka yi ya ƙare. Ɗakinki ina buɗe shi duk Juma'a ya sha iska. Damina ta sauka, wajen taga ya ɗan yi yoyo, na hau na gyara. Har yanzu in aka buɗe ƙamshin turarenki ne yake fara fitowa, sai dai yana raguwa. Shi ya sa ba na barin ƙofar ta daɗe a buɗe.

Maganar da kika yi a kan rumman na riƙe ta. Na san za ki ce wasa kike, amma ni ban ji ta a wasa ba. Na je wajen wani dattijo can bayan Ƙofar Mazugal, ya gaya mini abin da zan yi, kuma na fara. Ba zan faɗa miki ko mene ne ba sai ya ci, don ko mutanen gida ban gaya wa ba. Ya ce abin ba ya gaggawa, a hankali yake shiga, amma in ya kama ya kama. Na ɗauki tsohon mayafinki shuɗin nan da rariyarki, ki yafe mini, aikin ne ya buƙata.

In Allah ya yarda baɗi war haka kina gida, ko kina so ko ba kya so.

Ki shafa mini kan Abdulhakim.

Ɗanki,
Mika'ilu

*

Zango, Kumasi
20 ga Safar

Mika'ilu,

Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba.

Bahijja ta kira Husaina. Ta ce ta gan ka da idonta ka tara ƙasusuwan layya, ka lulluɓe su da mayafina a saman ɗaki. Ta ce ka ƙona su ka daka, ka tankaɗe da rariyata. Ta ce da asuba kafin kowa ya fito ka haƙa ramuka bakwai ka kewaye rumman ɗina, ka binne, ka ɗora dutse a kan kowane. Na ce ƙarya ne, ba Mika'ilu ba. Kwana biyu sai ga takardarka. Dattijo a bayan gari. Mayafina. Ko ina so ko ba na so. Na karanta sau uku.

Kiranye ka yi mini? Ni? Irin abin da ake yi wa wanda ya yi nisa don ya baro inda yake ba shiri, kamar an ja akuya da igiya?

To bari in gaya maka, ya kama. Tun wajen Sallah ban san kaina ba. Abinci ba ya yi mini daɗi. In aka yi ruwa sai in ji ƙamshin ƙasar lungunmu a hancina, alhali ƙasar nan ja ce, ba haka take ƙamshi ba. Sau biyu Husaina tana tarar da ni ina ninke kaya ina zubawa a jaka, ta ce Inna ina za ki. Sai in fita bakin titi in tsaya ina kallon manyan motoci kamar wata taɓaɓɓiya. Ina ta cewa tsufa ne. Ashe kai ne.

Ni na kai ka makarantar allo da hannuna. Ni na koya maka ba a roƙon kowa sai Allah. Shekara ashirin da uku, abin da zan girba ke nan? Ka ɗauki imaninka ka kai wa wani ƙazami a bayan ganuwa saboda tsohuwa ta daɗe a tafiya?

Ka tone abin nan yau, ka je ka tuba. Ni kuwa wallahi tallahi ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Na rantse, kuma Husaina shaida ce. Ba a jan ni da igiya.

Ma'u

*

Koki, Kano
6 ga Rabi'us Sani

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Takardarki ta yi wata guda a aljihun Salisu, motarsu ce ta lalace a hanya. Na karanta ta a zaure. Ban iya zuwa kasuwa ba ranar.

Gwaggo, taki ne. Takin shuka. Ki zauna ki karanta a hankali, zan faɗa miki komai daga farko, abin da ya kamata in yi tun wancan karon.

A hanyata ta Kurmi akwai wani kango inda masu balangu suke zubar da toka da ƙonannen ƙashi. Gwanda ta fito a wurin ita kaɗai, ba mai ba ta ruwa, amma 'ya'ya har sun yi mata nauyi. 'Yar'uwarta tana tsallaken kwata, tsawonsu ɗaya, ita ba ta da ko ɗaya. Na yi wata uku ina kallon su biyun nan. Da takardarki ta kafin Sallah ta zo sai na je na tambayi Malam Salihu, mai sayar da dashen itatuwa a bayan Ƙofar Mazugal. Tsohon ma'aikacin gona ne, carbi ne a hannunsa ba laya ba.

Ya ce, "Ganye fa?" Na ce ganye kamar ya yi magana. Ya ce, "Me kuke zuba masa?" Na ce kashin kaji, da ruwan wanke-wanke. Ya yi dariya ya ce, "Kun mai da shi ɗan gata, ya yi ƙiba ya ƙi aiki. Kashin kaji ganye yake sawa. Fure da saiwa kuwa ƙashi suke so. Ruwan sabulun nan kuma ku daina, shi yake hana ƙasa sakin abincin." Ya ce kada in yi da ƙashin miya saboda gishiri. Shi ya sa na bi na layya tun kafin ya shiga tukunya.

Ana tafasa shi sosai sai kitse da ɓargo sun fita, a kankare, a shanya. Da na shanya a saman ɗaki shirwa ta dame ni, sai na rufe da mayafinki don shi ne mai shara-shara, rana tana ratsa shi. Bayan sati biyu na gasa a kan gawayi ya yi gautsi, na daka, na tankaɗe. Ba a zuba shi a jikin itacen. Ana duba inda inuwar rassa ta tsaya da tsakar rana, nan ƙananan saiwoyi suke, nan ake haƙawa kamar rabin kamu. Kowane rami cikin tafi biyu, a cakuɗa da ruɓaɓɓen takin akuya, a rufe, a ba shi ruwa. Bakwai ɗin ba wani lissafi ba ne, iyakar inda garin ya isa ke nan. Duwatsun kuwa saboda gafiya ne. Na farko da na gwada ban tafasa da kyau ba, washegari na tarar ta tone rami biyu, kiyashi ya cika wurin. Da asuba kuma na yi don kada a tsaya a kaina ana tambaya.

Laifina na gaske shi ne turmin Inna Bahijja da na ɗauka ban tambaya ba. Ta daka yaji a ciki, ta ce wari yake kamar an ƙona bunsuru. Daga nan ta fara bina da ido.

Baba Saminu ya tara mu ya ce in tone ɗaya a gabansa. Na tone. Ya sa hannu ya murza ya shinshina, ya ce, "Ina layar?" Inna ta ce, "Ai garin ne abin tsoro, Alhaji, wa ya taɓa ganin an daka rago an ba itace?" Ya ce, "Ke da kike ba ni romon ƙashi don ƙafata ta yi ƙarfi?" Ta ce, "Kai ai mutum ne!" Sai da Liman ya shigo ya gani, ya ce ba komai a ciki sai wahala, ya tambaye ni ko zan yi wa lemonsa. Ban san ta riga ta yi waya ba. Ita ma ba mugunta ba ce, tsoro ta ji, ta kuma ce in ba ki haƙuri.

Na ɓoye ne don kunya, kada abin ya ƙi a ce yaron nan ya zauna yana dakan ƙashi kamar mahaukaci. Maganar ko kina so ko ba kya so kuwa, irin wasanki na so in mayar miki. Ban iya ba.

Ban tone sauran ba, Gwaggo. Wannan ne karo na farko da kika ce in yi abu ban yi ba.

Abin da kika ce yana damunki, wallahi ba hannuna a ciki. Ban san ko mene ne ba. Ki sa a kai ki asibiti.

Ɗanki,
Mika'ilu

*

Koki, Kano
12 ga Ramadan

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya ibada? Ina fatan azumin yana zuwa da sauƙi. Nan kowa lafiya.

Wata biyar ke nan. Salisu ya je sau uku ya dawo. Duk zuwan da ya yi ina tarar sa a tasha, tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in ƙarasa da sauri. Ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu, kin sa a ƙarƙashin filo. Na kira Yaya Husaina ta ce kina lafiya, in ƙyale ki tukuna. Na ƙyale.

Ba don in matsa miki na rubuto ba. Rumman ne ya yi fure.

Da sanyi ya zubar da ganye har na ce na kashe shi. Na koma wajen Malam Salihu ya ce, "Hutawa yake, rage masa ruwa, kai ma ka je ka huta." Da zafi ya fara sai ga toho ja-ja. Ran Talata ina alwala na ɗaga kai na ga abu kamar an ɗiga jan manja a reshe. Yau na ƙirga sittin da huɗu, na gaji na bari. Iri biyu ne, Gwaggo, ban taɓa lura ba sai bana. Wasu gindinsu siriri, su ne masu zubewa. Wasu gindinsu da ɗan tudu kamar tulu, Malam Salihu ya ce su ne masu zama. Zuma ta cika tsakar gidan, Inna Bahijja tana mita, amma jiya na gan ta ta ɗauki ruwan wankinta ta kai kwata da kanta, ba wanda ya ce mata.

Lokacin shan ruwa nakan zauna a gindinsa a kan tabarmarki. Ana miƙo mini kunu daga ɗakin Inna, ba a rage ni da komai ba. Sai dai ba mai cewa in bari ya huce.

Ga fure ɗaya na sa a cikin takardar. Cikin masu zubewa ne, ban tsinki mai zama ba.

Ɗanki,
Mika'ilu

*

Zango, Kumasi
18 ga Shawwal

Mika'ilu ɗana,

Wa alaikumus salam. Mun sha ruwa lafiya, mun yi Sallah. Furen ya iso ya bushe ya yi baƙi, amma na san shi. Na sa shi cikin Alƙur'anina.

Na fara rubuto maka sau huɗu ina yagawa. Yau na ce ko me hannuna ya rubuta haka zai tafi.

Kafin takardarka ta bayani ta zo, na je wajen wani malami a nan ya yi mini rubutu na karya kiranye. Kwana arba'in ina sha. Ban ji komai ya ragu ba. Na ce lallai yaron nan babban wuri ya je. Sai ga takardarka, wai taki. Ka san me na yi? Haushi na ƙara ji. Don da kiranye ne da sauƙi, ana karya shi a huta. To in ba kai ba ne, in ba dattijon ba ne, wa zan kama?

Asibitin ma an kai ni. Likita ya auna ya ce ba abin da ya gani sai gwiwa. Da muka fito Husaina ta zaunar da ni a benci ta ce a kunnena, a hankali yadda ba ta taɓa yi ba, kuma na ji, "Inna, gida kike so." Na ce rufe mini baki. Sai na kama kuka a gaban mutane, ni Ma'u.

Ba wanda ya binne mini komai. Nawa ne, da shi na zo, na danne shi shekara biyu don kada Husaina ta ga kamar na gaji da ita. Da ya fi ƙarfina sai na nemi wanda zan ɗora wa, na ɗora wa wanda na san ba zai rama ba. Na jingina maka shirka, kai da ko kazar maƙwabta ba ka taɓa jifa ba. Ka yafe mini. Wata biyar ɗin nan kunyarka ce ta hana ni, ba fushi ba.

Husaina ta ce in tafi, ƙanwar mijinta za ta dawo wajenta. Amma na rantse, Mika'ilu. Na kama sunan Allah har biyu. Mahaifina har ya mutu bai ƙara shiga kasuwar Rimi ba saboda rantsuwa ɗaya da ya yi cikin fushi, haka aka tashe mu. Ga ƙofa a buɗe, ni na ɗaure ƙafata da bakina.

Ka ci gaba da ba shi ruwa. In sun nuna ka ba Salisu biyu ya kawo mini.

Gwaggonka

*

Koki, Kano
9 ga Muharram

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya Husaina, Allah ya saka mata. Nan lafiya, damina ta zauna sosai.

Zancen yafiya, na yafe tun a zaure ranar. Ba zan ce bai yi mini zafi ba, ya yi. Sunanki da kika sa a ƙasan waccan takardar maimakon Gwaggonka, shi ya fi komai. Amma ya wuce.

Na sami Liman bayan la'asar, ban faɗi suna ba, na ce wata ce ta rantse ba za ta shiga gidansu ba. Ya ce, "Wata mai rumman?" Na sunkuyar da kai. Ya ce in gaya miki wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin. A ciyar da miskinai goma, ko a tufatar da su. Wanda ba shi da hali ya yi azumi uku. Ya ce yanke zumunci ba ya cikin abin da ake riƙe wa Allah alkawari a kai. Ki tambayi malaman nan ma ki ji, kada ki ce ni na shirya. Na so in ciyar a madadinki, ya ce sai da izininki, rantsuwar taki ce.

Cikin furannin nan goma sha ɗaya ne suka zauna. Iska ta kaɗe huɗu, tsuntsu ya ɓata biyu. Saura biyar. Na ɗinka musu 'yan jakunkuna da ragowar yadi na ɗaura, yanzu itacen kamar mai tallan laya, Inna Bahijja ta ce wannan karon ita ba ta ga komai ba. Babban ya kai dunƙulen hannuna. Malam Salihu ya ce sai wajen Mauludi za su nuna, kuma in suka nuna ba sa jira da yawa, tsagewa suke. Ƙashin layyar bana yana sama yana bushewa, na sayi turmina.

Kin ce in ba Salisu biyu. Gwaggo, wannan ne abu na biyu da kika ce in yi ba zan yi ba. Ba zan tsinke su ba. Suna nan a reshe. In kin zo, kin zo. In ba ki zo ba su tsage tsuntsaye su sha, baɗi in sake zuba masa ƙashi. Ba na gaggawa.

Ɗanki,
Mika'ilu

*

Zango, Kumasi
25 ga Safar

Mika'ilu,

Wa alaikumus salam. Kai yanzu har ka yi girman da za ka ƙi aikena sau biyu? Za mu haɗu.

Na tambayi malamai uku, don na farko na ga kamar yaro ne. Bakinsu ɗaya da Liman.

Jiya na dafa shinkafa da wake tukunya guda da hannuna, na hana Husaina taɓawa. Na fita da kaina na nemo mutum goma na zaunar da su a ƙofar gida, na tsaya a kansu sai da kowa ya ƙoshi. Wata tsohuwa ta ce gishiri bai ji ba. Na ce ci ki tashi, Hajiya, ba biki na kira ki ba.

Salisu ya ce in ya sauke wannan kayan ya dawo, lodi na gaba da ni, ya bar mini gidan gaba saboda gwiwa. Kwana huɗu ne a hanya in motar ta ga dama. Abdulhakim bai sani ba tukuna, kada ka faɗa a waya.

Kada ka zo tasha ka tsaya mini da idon nan naka a gaban mutane. Ka jira ni a gida. Ka buɗe ɗakin tun da safe, ka bar ƙofar a buɗe.

Gwaggonka